Akuyar Usmanu a Tsakiyar Farauta

Har yau ranar da muka je farautar wa'al ba ta fita a raina ba. Ku da kuka shigo aikin gida yanzu, wa'al bunsurun dutse ne, mai ƙaho kamar lauje. Lokacin ina girki a gidan wani ɗan kasuwa, muna ce masa Ammi. Ni kuwa a unguwar Sa'alaba ta Jidda nake kwana, zamanin da jaki ke kawo mana ruwa. Tsarin gidan haka yake: Ammi a sama, sai Baba Idrisa direba, Bahaushen Sudan, sai ni.

Ɗana Usmanu yana goye, nonona kuma ya ƙafe saboda zazzaɓi. Madarar gwangwani tana sa shi gudawa. Akuya ɗaya ce ke riƙe da ransa, ja mai gemu. To da Ammi ya sayi bindiga ya ce zan bi su duwatsun hanyar Ɗa'if in dafa musu gahawa da shayi da shinkafa, na ce, "Ya Ammi, sai dai da akuyata."

Ya ce, "Farauta za mu, ya binti, ba kiwo ba." Da na fara hawaye ya ce, "Halas, shi ke nan, a sa ta a bayan mota."

Mun isa da hantsi. Na ɗaure ta a jikin mota, na juya in hura gawayi. Can Baba Idrisa ya hango wa'al a tsakiyar dutsen, sai gardama ta tashi. Shi ya ce a zagaya a fito masa ta sama, domin dabbar dutse ƙasa take kallo, daga nan take tsammanin abokin gaba. Ammi ya ce a'a, da safe iska gangarowa take yi, wanda ya hau sama warinsa zai riga shi isa.

"Ya Ammi, iska ce ko gwiwa?" in ji Baba Idrisa.

"Kai da kake warin fetur tun Jidda, kai za ka koya mini?"

Aka rabu a kan kowa ya bi tasa. Baba Idrisa zai hau ta baya da sanda ya koro, Ammi ya lallaɓa daga ƙasa da bindiga. Kafin Ammi ya tafi ya nuna ni da yatsa. "Duk wanda ya yi ko tari, ya koma Jidda da ƙafa, kuma babu shi babu gidana." Na dangwali dabino na sa wa Usmanu yatsa a baki.

Ina waiwayawa sai na ga guntun igiya yana lilo. Ta cinye! Na ɗaga kai, ga 'yar banzar can saman dutse tana cin ganye, kusa da wa'al ɗin kamar ɗan'uwanta. Launinsu ɗaya. Ammi kuwa in babu tabarau ba ya bambanta buta da kaza, ga tabaraun nan ya bari kusa da kofunan gahawa.

In na yi ihu, aiki ya tafi. In na yi shiru, abincin ɗana ya tafi. Ina kallo Ammi yana rarrafe da tumbinsa, fararen tufafinsa suna walƙiya, yana ta haki. Ya durƙusa bayan wani dutse, ya ɗaga bindiga. Wallahi bakinta akuyata yake kallo.

Ni da ko atishawa yaron ya yi sai na kwana ina taɓa goshinsa, ranar da kaina na zare yatsana daga bakinsa. Ya dube ni, ya ja numfashi, ya tsala kukan da duwatsu suka amsa. Akuyar kuwa ta san kukan nan, duk sanda ta ji shi ana tatsarta a ba ta ƙwallon dabino. Ta gangaro a guje, ta bi ta tsakanin ƙafafun Ammi. Ya faɗi zaune, bindiga ta tashi sama, gum! Wa'al ya yi sama da gudu, daidai inda Baba Idrisa ke leƙowa. Sai muka ga sanda ta fara gangarowa, takalmi na biye, sannan shi kansa a kan gindinsa yana salati.

Na rungume akuyar ina jiran a ce in kama hanya. Amma ina! Ammi ya ce da wani bai hau sama ba da iska ba ta tona su ba. Baba Idrisa yana cire ƙaya a wandonsa ya ce daga ƙwanƙolin dutse yake jin hakin wani. Suna ta yi har na tatsi nonon akuyar, Usmanu ya sha ya yi barci. Sai can Ammi ya juyo.

"Ke, wa ya yi kuka ɗazu?"

Na ce, "Ya Ammi, ƙarar bindigarka ce ta firgita shi."

Ya gyara zama, ya shafa bindigar. "Ai tana da murya." Ya ce in zuba masa sauran nonon a shayi.

To 'yan'uwana, abin da na koya ke nan a aikin gidan manya. In suna gardamar ta sama za a bi ko ta ƙasa, kada ki sa baki, kowa da gaskiyarsa. Ke dai ki duba inda abincin ɗanki yake tsaye, ki san lokacin da za ki zare yatsa.