Takardar da Malam Hashimu ya ƙi kaiwa

Yau da safe ina shan koko waya ta shigo. Malam Hashimu ya rasu a Taura.

Kofin yana nan inda na ajiye shi.

Kun san halina a shafin nan, ba na yabon kowa, ma'aikatan gwamnati kuwa ko a mafarki. Amma yau ku ƙyale ni in yi, domin labarin mutumin nan ya daɗe yana cina ban ba kowa ba.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa aka kwaso mu daga Kano zuwa Dutse, ni kaɗai ne mai digiri a ƙauyenmu. Da na gama jami'a rago aka yanka, aka toya waina, aka yi walima kamar na sauke Alƙur'ani. Mahaifina ya rataye hotona da doguwar rigar nan a zaure. Kowa yana jiran ya ga an ba ni ofis da mota.

Sai takarda ta fito: in tafi koyarwa a wata sakandaren ƙauye can wajen Buji. Abokan karatuna da nake koya wa darasi a jami'a kuwa suna sakatariya, fanka tana kaɗa su.

Na rubuta takardar barin aiki, na liƙe ambulan, na nufi ofishin ilimi.

Malam Hashimu ne sufeton makarantu a lokacin. Tsohon malamin firamare, bai taɓa taka jami'a ba. Ya karɓi ambulan, bai buɗe ba, ya ce in miƙo masa satifiket ɗina. Ya ɗora yatsa a kai.

“Mai digiri, wannan kalmar ta bacala da suka rubuta maka, daga ina ta fito?”

Na ce ban sani ba. Shekara huɗu ina karanta Tarihi.

“Au, ba su gaya maka abin da suka ba ka ba, ka karɓo ka taho?”

Ya jawo wani tsohon ƙamus da bangonsa ya yage, ya tura mini, amma bai jira na duba ba. Ya ce asalinta Latin ce. Sunan da ake kiran matashin mayaƙi ne wanda bai kai ya riƙe tutar kansa ba, yana bin tutar wani. Masu sana'a suka ara suna kiran ƙaraminsu da shi, daga baya jami'o'i suka laƙaba wa wanda ya taka matakin farko. Ita kanta digirin ma, in ji shi, mataki take nufi.

“An yi maka walima a gida?”

Na ce, “An yi, ranka ya daɗe.”

“To ai sun yi daidai, kai ne ba ka gane ba. Ka taɓa ganin wanda ya yi sauka washegari aka ba shi limanci? Littafi yake ɗauka ya je ya durƙusa gaban malami.”

Ya jefa ambulan ɗin a durowa. Ya ce in yi zango ɗaya, in na dawo ina kan bakana, shi da ƙafarsa zai kai wa darakta.

Ranar Litinin a kan Vespa ɗinsa ya kai ni, katifata a kaina, sau biyu muna kafewa a yashi. Yana turawa yana dariya, yana cewa, “Riƙe tutar da kyau.”

A can na yi ritaya.

Kada wani ya zaci zan ce na gode wa gwamnati. Ba a taɓa tunawa da ni ba. Da shari'ar Musulunci ta zo aka yi ta kafa kwamitoci, na ce yanzu za a nemi masu gaskiya. Ba a neme ni ba, ba a nemi Malam ba. Wannan ɗacin yana nan har yau.

Amma ajin nan, jama'a. Ranar da yaran makiyaya suka fara yi mini gardama a kan tarihin Kano, suna kawo abin da kakanninsu suka faɗa wanda babu shi a littafina, a guje na je na gaya wa Malam. Ya ce, “Ka samu malaman naka ke nan.”

Haɗuwarmu ta ƙarshe da daminar bara ce, yana sauka daga adaidaita a Dutse, da sanda. Ya ce in biyo shi gidan ɗansa. Ya shiga ɗaki ya fito da ambulan, ya yi ja saboda tsufa, har yanzu a liƙe.

“Mai digiri, zangon ya ƙare ko in ci gaba da riƙewa?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai daraktan ma ya mutu.”

Muka yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya miƙo mini ambulan ɗin.

Wadda ta bugo mini waya ɗazu likitar da ta duba shi ce a asibiti. Ɗalibata ce, daga ajin nan na Buji. Ba ta san komai game da ambulan ɗin ba. Ga shi nan kusa da kofin, ban buɗe ba, ba kuma zan buɗe ba.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Hashimu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka rubuta masa ladan duk yaron da ya zauna a ajina, domin shi ya kai ni. Ku da kuka karanta har nan, ban taɓa roƙonku komai ba. Yau ina roƙo: in kun ɗaga hannu bayan salla, ku ambaci sunansa.