Turken da na matsar

Ni ba masani ba ne. Aji biyu na yi na boko na gudo gida. Amma idan ana zancen ramin gwaji na masu neman kayan mutanen dā, a matsa a ba ni wuri, domin wata guda cur na yi a cikinsa, kuma gadon bayana bai yafe mini ba har yau.

Shekarar da za a ja sabuwar tur'a, wato babbar hanyar ruwa, daga kogi zuwa gonakin bayan Abu Na'ama, muhandis, wato injiniya, ya zo ya kakkafa tutocinsa. Layin ya bi ta kan tudun da ƙauyenmu ya fara zama kafin ambaliya ta tashe mu. A can aka binne innata ina ɗan shekara tara. Mu kuwa ba ma rubuta suna a kabari. Ɗan tarin ƙasa ne da guntun tulu, damina kaɗan ta share. Dattawa suka je suka gaya wa muhandis. Ya dubi tudu, ya dubi takardarsa, ya ce bai ga kabari a ko ɗaya ba.

Sai ga wani afandi, ma'aikacin gwamnati mai neman kayan mutanen dā, daga Hartum, siriri mai tabarau, wai doka ta ce sai ya leƙa cikin ƙasa kafin injin haƙa ya shigo. Ya ɗebe mu goma sha biyu. Duk gwanayen haƙar hanyar ruwa ne, mun saba a nuna mana wuri mu nutse. Shi kuwa ya ja igiya, ya buga turaku, ya ce rami dogo, faɗin taku biyu, sa'an nan a tsallake taku hamsin a sake wani. Kada a zurfafa. A kankare kaurin tafin hannu a tsaya ya duba. Bango ya miƙe sak, ƙasar sama dama, ta ƙasa hagu. Ban taɓa gajiya irin ta wannan aikin ba, aikin da ake hana ƙato ya yi ƙarfi.

Taubashina, ɗan kawuna, da muke rami ɗaya, ya ce, "Kai, wanga mutum allura ya yar ko mi?"

Na ce, "Kakanka yake nema, an ce da bashin goro ya tafi."

Rami uku ba mu samu komai ba sai ƙashin jaki. Ni kuwa addu'ata a samu kabari, don tur'a ta kauce. Amma da aka ja igiyar rami na huɗu, sai na ga ta bi daidai gindin wata aduwa, inda nake tsayawa duk Sallah in yi wa inna addu'a. A samu kabari ina so, amma ba nata ba. Ban yarda ƙarti sha biyu su tsaya a kanta da shebur ba.

To ga abin da na yi, kuma Allah Ya riga Ya sani. Lokacin fatur, wato kalacin hantsi, afandi ya tafi inuwar mota cin wakensa, na tumɓuke turaku na matsar da su taku shida yamma, inda na ƙiyasta iyayen wasu suke. Iyayen wasu kam ai sun fi haƙuri.

Ashe mutumin nan ko ya je fitsari ya dawo sai ya sake awo. Ya ja tef ɗinsa, ya dube mu ta saman tabarau.

"Turken nan ya yi tafiya."

Na ce, "Iska ce, afandi."

"Iskarku da guduma take yawo, ya zol?" Wato "kai mutum" da Larabcin nan.

Taubashina ya fashe da dariya, ya nuna ni da haɓa. Ban ga amfanin ƙarya ta biyu ba, na gaya masa gaskiya. Bai yi faɗa ba. Ya ce shi ba ya bukatar kaiwa ga ƙashi, domin ƙasar da aka taɓa haƙawa aka mayar ba ta komawa launinta, bakin kabari yana nuna kansa tun daga sama. Ya ce a tona inda na kai turaku, na gindin aduwa kuma ni kaɗai zan kankare, ba mai taka wurin.

A ramin yamma, da aka cire ƙasar sama aka yayyafa ruwa, sai ga kaburbura sun fito, dogaye, duhu-duhu cikin jar ƙasa, a jere, kwanciya ɗaya, har da gajeru na yara. Taubashina ya ajiye shebur, ya tuɓe takalmi. Ranar ba wanda ya ƙara tsokanar wani.

Nawa kuwa, kwana uku ina durƙushe ina kankara kamar mai aske jariri. Tsakuwa ce jawur, shimfiɗe, ba tabo ko ɗaya. Afandi ya tsuguna ya shafa, ya ce, "Nan ba a taɓa sa kowa ba."

Na ce ya sake dubawa. Ya sake.

Taubashina ya bari sai da muka kama hanyar gida. "Shekara ashirin da biyar kana aika wa gara Fatiha. Garar wurin nan ta shiga aljanna ta bar mu."

Afandi ya ce matattunmu ba na ofishinsa ba ne, Musulmi ne kuma ba su tsufa ba, amma zai zana su ya rubuta. Muka ƙara gajerun ramuka huɗu har ya gano iyakarsu, muka mayar da ƙasa yadda muka ɗebo ta. Muhandis ya yi ta huci, amma wannan karon takarda ta gani. Tur'a ta lanƙwasa kamar gwiwar hannu, aka kewaye wurin da waya. Aduwar ta faɗa cikin layi, injin ya tumɓuke ta.

Inna tana cikin wayar, haka nake sa rai, sai dai ban san wace ce ita ba. Da ina da ƙafa, duk Sallah nakan zagaya kusurwa huɗu in karanta a kowace, kada a ce na sake kuskure. Yanzu a ta gabas nake zama, in ɗaga murya yadda zan iya.