Baba Adongo da Maganar Hannu

Shekara ashirin da uku muka yi da Baba Adongo a ɗakin saƙa ɗaya a Kakuri, ni ina tsaron injina, shi yana gyara su. In aka tara maganar da muka yi da baki a duk shekarun nan, Allah kuwa ba za ta cika ƙoƙo ba. Amma duk Kaduna babu wanda ya san cikina kamar shi. Sunana Jethro, kuma ni ne wawan da ya kusa kashe mutumin nan da shawara.

Ɗan Gana ne, daga wani ƙauye kusa da Bolga, can arewacin ƙasar. Ya zo Kaduna a 1979, shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Lokacin Gana ta yi zafi, ko sabulu sai an bi layi, mu kuwa masaƙunmu suna aiki ba dare ba rana suna neman hannu. Ya iso da riga biyu da akwatin sifana. Dogo, baƙi wuluk, ga wushirya, ga Hausar zangon Gana wadda muke yi wa dariya. Cikin shekara ɗaya ya gyara ta har ya fara zaginmu da ita.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba, ba zai gane ba. Inji fiye da ɗari biyu, kowanne ƙoshiyarsa na kai da kawowa tana buga ƙarfe. Ko ka kafa baki a kunnen mutum ka yi ihu, motsin leɓenka kawai zai gani. Saboda haka da hannu muke magana. In ka murza babban yatsa da manuni, zare ya tsinke. In ka daki kafaɗarka sau biyu, sufabaiza na tafe. In ka sarƙe manuni biyu kamar ƙugiya, an ɗaura ke nan, komai ya daidaita. Daga nan abin ya yi ta yaɗo. Da hannu muke gulma, da hannu muke musun ƙwallo, da hannu muke cin naman gwamnati. Da hannu Adongo ya nemi auren Lydia, wata 'yar Kwoi mai tsaron injina, akwai inji takwas tsakaninsu. Ta ba shi amsa da hannu, duk layin muna kallo, ta ce ya je ya fara wanke baƙin man da ke wuyansa.

Mu masu saƙa muna cusa auduga a kunne. Shi ba ya sawa, domin da kunne yake aiki. Zai kafa bakin sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunnensa a kan mariƙin, ya lumshe ido. Kafin ka ƙirga goma ya nuna maka inda ciwon yake. Na sha ce masa, «Kai ɗan Gana, kunnen nan aro ka yi?» Sai ya yi mini alamar in kula da zarena.

A 1983 aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa. Tashoshi suka cika da mutane da jakunkunan nan masu zane-zane da har yau ake kira da sunan Gana. Lydia na da cikin wata bakwai. Mahaifinta ya aiko ya ce, «Surukina ba baƙo ba ne, ku kawo mini shi.» Wata shida Adongo ya yi a ƙauye yana haƙar citta, hannunsa duk kanta. Da ƙura ta lafa ya dawo, aka mai da shi bakin aiki, domin injinan sun yi ta tari babu mai jin su. Daga baya ya gyara takardunsa. Yarinyar da aka haifa yana can gona ita ce Ruth, ita kaɗai Allah ya ba su.

Da farar hula suka sake dawowa a 1999, har rawa muka yi a bakin ƙofar masaƙa, mun ɗauka kakarmu ta yanke saƙa. Ina! Wuta ta zama sai an ga dama, baƙin man da ake hura tukunyar masaƙa da shi ya yi tsada, atamfar waje ta cika kasuwa a rabin kuɗin tamu. Aikin da ake yi kashi uku a rana ya koma biyu, ya koma ɗaya. Wata Litinin a 2002 muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Jiniyar da ta tashe mu shekara da shekaru ta yi shiru. Shekarar da ta biyo Lydia ta kwanta, ba ta tashi ba.

Jama'a suka watse, wasu acaɓa, wasu gadi, wasu suka koma gona. Adongo ya kafa benci a gefen kasuwar Kakuri yana gyaran keken ɗinki da injin markaɗe. Kullum da safe muna haɗuwa a teburin Malam Haruna mai shayi a Makera, shi ma tsohon masaƙi ne, layinmu ɗaya. To, ga inda gizo ke saƙar. Ƙarar inji ta mutu, amma hannunmu bai daina ba. Mutum shida a benci, shiru kamar gidan makoki, sai ka ga mun fashe da dariya gaba ɗaya, baƙo ya ɗauka mahaukata ne. Mai tumatir a kasuwa tsohuwar masaƙiya ce, da hannu take yi masa ciniki. Mai nuna wa mutane wurin zama a coci namu ne. Rabin Kakuri sun bi ta ɗakin saƙa. Wanda bai iya hannu ba kuma, in dai da Hausa ya yi magana yana kallonsa, Adongo zai zuba wa bakinsa ido ya ba shi amsa daidai.

Ruth ta yi karatun jinya. A 2006 ta samu aiki a wani asibiti a Tamale, can arewacin Gana, domin a lokacin Gana ce ta miƙe, mu muka durƙusa. Ta fara kiran waya tana cewa ya dawo gida, ƙanensa ya gyara masa ɗaki a gidan gado. Duk lokacin da wayar ta haska sai ya miƙo mini, ya ce sautin abin nan ba ya fita da kyau. Ni nake jin saƙon in juya masa da hannu. Na ɗauka taurin kan tsufa ne kawai.

Ni kuwa na sa shi gaba. Ina da zuciya, na sani, in na kama abu ba na saki. Na ce masa, «Me ka ajiye a nan? Masaƙa ta mutu, Lydia ta tafi, wuta babu, ruwa sai ka saya. Mu da ba mu da wata ƙasa dole ta sa muke zaune. Kai Allah ya ba ka biyu, ka zaɓi mai gyambo?» Ya ce kabarin Lydia fa? Na ce ni zan riƙa nome shi. Ya ce shekara ashirin da bakwai rabonsa da can. Na ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, gara ya koma tun ana gane fuskarsa. Duk wannan dogon wa'azi da hannu na yi masa shi, kuma ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina dalili ba.

Ranar tafiya muka raka shi tashar mota ta unguwar Television, zai bi ta Legas. Ya zauna kusa da taga. Da direba ya tayar da mota sai ya ɗaga hannu ya murza babban yatsa da manuni. Na harare shi, na yi masa alamar ya tafi can da shirmensa. Har na juya baya don kada Malam Haruna ya ga idona.

Wata biyar babu wani labari sai gaisuwa ta bakin Ruth. Rannan ta kira, muryarta ba daɗi.

Ta ce, «Baba Jethro, Baba ba ya magana. Ba ya cin abinci sosai. Dangi su zo gaishe shi, sai ya zuba musu ido kawai. Sun ce girman kai ne, wai Najeriya ta sa ya raina yarensa. Sun daina zuwa.»

Na ce ta ba shi lokaci, baƙunta ce.

Ta ce, «Ba baƙunta ba ce. Na kai shi wurin likitan kunne. Duka biyun sun mutu, kuma likita ya ce an daɗe. Na san jinsa ya ragu, amma ban san ya kai haka ba. Hausa yake karantawa a bakin mutane. Yarensu kuwa bai taɓa koyon ganinsa a leɓe ba, da kunne ya san shi. Baba Jethro, ku da kuke tare kullum, ba ku sani ba?»

Kunya ta rufe ni. Shekara nawa ina zaune kafaɗa da kafaɗa da mutum, ban san kurma ba ne. Na je na gaya wa Malam Haruna, ya ajiye butar shayi ya yi salati. Muka yi ta lissafi, yaushe rabon da wani cikinmu ya kira shi daga baya ya waiwayo? Babu wanda ya iya tunawa. Mu ne muka rufe masa asiri har shi kansa bai san zurfin abin ba, sannan ni na ɗauke shi na jefa inda babu mai yi masa magana. Na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba ko ranar da aka rufe masaƙa.

Ruth ta ɗauko shi daga ƙauye ta kawo shi ɗakinta a Tamale. Can akwai masu Hausa, amma ita tana asibiti wuni guda, shi yana zaune yana kallon bango. Ta ce mini wata rana ta ɗauki takarda ta rubuta masa, «Baba, ina kake so ka zauna?» Ya rubuta, «Kakuri.» Ta rubuta, «Can babu aiki, babu wuta, babu kowa naka.» Sai ya rubuta, «Akwai masu magana.»

Wata takwas cif da tafiyarsa, wata Asabar da safe, muna teburin shayi sai ga acaɓa biyu sun tsaya. Ruth ta sauko daga ɗaya, Adongo daga ɗaya, rungume da akwatin sifanarsa. Ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Na miƙe da niyyar neman gafara, na ma shirya kalmomin tun tuni. Bai ba ni dama ba. Ya dube ni sama da ƙasa, ya zana tulu a gaban cikinsa, wato tumbina ya ƙaru. Na ce masa shi kuma ya koma sandar rake. Ya tambayi kabarin, na ce na nome shi sau uku. Malam Haruna ya daki kafaɗarsa sau biyu yana nuna matata da ke tahowa daga kasuwa, wai sufabaiza na tafe. Adongo ya ƙyalƙyale da dariya har da buga tebur, wushiryar nan duk a waje.

Ruth ta zauna a ƙarshen benci ta rufe fuska da gyale. Da ta ɗago ta ce, «Baba Jethro, wata takwas ban ji wannan ba.»

Mako biyu ta yi. Ta kama masa ɗaki a bayan gidana a unguwar Nasarawa, kuma kullum da safe tana zuwa teburin shayi da ɗan littafi, wai mu koya mata. Kanta na ja, amma hannunta da nauyi, hannun allura ne ba na zare ba. Ta roƙe shi sau ɗaya ko zai sake tunani. Ya girgiza kai, ita ma ba ta ƙara ba.

Ranar komawarta muka sake zuwa tashar Television, ni da shi. Ta zauna kusa da taga. Da mota ta fara motsi sai ta ɗaga hannu biyu ta sarƙe yatsu, amma na tsakiya ta sa maimakon manuni. Da a ɗakin saƙa ne da mun yi mata dariya har a tashi aiki. Baba Adongo ya ɗaga nasa ya nuna mata daidai, ta gyara. Ya riƙe su a sama haka nan har motar ta sha kwana.