Wayoyin Habibu da Na Datse

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar ƙanena Habibu, kuma har yau in na bi ta titin Ogui a nan Inugu nakan rage tafiya a gaban shagon da muka zauna tare. Yanzu rigunan wayar hannu ake sayarwa a ciki. A zamaninmu benci biyu ne da fanka ɗaya, da ƙaurin dalma da ba ya barin riga ko an wanke. Ni ne babba, ni na buɗe shagon, gyaran rediyo da talabijin na iya. Karatuna bai wuce firamare ba. Habibu kuwa a Inugu aka haife shi, ya yi karatun lantarki mai zurfi, yana Ibo kamar a bakinsa aka ƙirƙire shi. Da safe mai tallar okpa, alalar gurjiya ta Ibo, takan tsaya su yi ta tsokanar juna, ni ina gefe ina dariyar abin da ban gama ji ba.

Ni na koya masa riƙe ƙarfen dalma, kuma abin da na fi alfahari da shi shi ne tsabtar aiki. A wurina waya ta tafi a miƙe, ta kwanta luf, kada a ga saura. Shi ya sa da kwamfutoci suka fara shigowa, nake kallon allon cikinsu ina tsaki. Sai ka ga layin jan ƙarfe yana tafiya lafiya, ya kama lanƙwasa kamar sawun maciji, sannan ya ci gaba. Na ce wa Habibu masu ƙera abin nan ba su san darajar jan ƙarfe ba.

Ya yi dariya ya ce, “Yaya, ka taɓa ganin ’yan dako a kasuwar Ochanja ta Anaca sun ɗauko dogon rodi su huɗu? In ɗaya ya riga saura taku, kayan a ƙasa. Nan ma saƙo ba ɗaya ne yake tafiya ba, takwas ne, kowa da layinsa, kuma dole su isa ƙofa tare. Akwai mai buga musu lokaci, kowane bugu a leƙa a karanta abin da ya iso. Wanda hanyarsa ta yi kusa, sai a ƙara masa kwana don ya jira ’yan’uwansa.”

Na ce, “Wuta ce fa, Habibu. Wutar da kake taɓa makunni ta kama, ita ce za ta makara saboda rabin ɗan yatsa?” Ya ce a irin gudun da suke yi, rabin ɗan yatsa tafiya ce. Na bar maganar, amma a raina na ce boko ne yake ɗibarsa.

Sai wani likita mai asibitin kansa ya kawo masa allon na’urar da ake duba cikin masu juna biyu. Wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone wani yanki, daidai inda layukan nan suke. An ce wa likitan sai dai ya sayo sabo, shi kuwa ya ji labarin wani Bahaushe a Ogui. Kwana uku Habibu yana kan aikin. Ya yanka sirara-siraran wayoyi takwas, yana auna kowace da rula, ya maye gurbin layukan da suka ƙone. Waɗanda tazararsu gajera ce ya bar musu tsawonsu, ya naɗe rarar kamar ’yan zobba. Ya gwada a asibitin, hoto ya fito tas. Ya dawo da allon don ya shafa masa abin kare tsatsa, sai aka kira shi ɗaurin aure Anaca.

Na zauna ina kallon zobban nan suna cina. Na ce aikin da zai fita da sunan shagonmu ba zai tafi kamar saƙar gizo ba. Na ɗauki almakashi na datse su, na miƙe kowace, na ɗora dalma mai sheƙi, na shafe allon na rufe. Wallahi a lokacin gani nake taimakonsa na yi.

Da aka mayar da allon asibitin, hoton ya fito a tsattsage, wani lokaci ya ɗauke gaba ɗaya. Likitan ya zo har shago, a gaban maƙwabta ya ajiye allon ya ce, “Aboki, I for know,” wato ai da ma ya kamata ya san haka za a yi. Maganar ta zagaya. Wasu asibitoci biyu da suka yi wa Habibu alkawarin aiki suka janye. Habibu ya buɗe allon a gabana. Ya daɗe yana kallo. Babu wanda ya san hannuna a dalma kamarsa. Ya ɗago ya ce, “Yaya, an kira La’asar,” ya ɗauki buta. Ni kuma girma ya hana ni cewa ni ne.

Bayan wata huɗu ya koma Fatakwal, ya kama ɗan shago a Mile 2 Diobu. Duk sallah yana zuwa da iyalinsa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya kawo min busasshen kifi. Shekara tara muna haka. Sau da yawa na shirya maganar tun daga gida, in mun zauna sai in tambaye shi ruwan sama a can. Ciwon kwana biyar ya ɗauke shi, ina cikin mota a hanyar zuwa duba shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga wayoyin hannun yau, da allon cikinsu bai kai tafin jariri ba. Na san zai nemi gilashin ƙara girma ya yini yana bin layukan, ya manta da abinci. Da kuma ya ga ’yarsa Bilkisu, wadda yanzu zana irin waɗannan alluna ne aikinta. Bara ta zo gaishe ni, ta buɗe kwamfutarta, sai ga sawun macijin nan birjik. Na kasa daurewa, na faɗa mata komai.

Ta ce, “Baffa, ai allon yana akwatin Abba har yau. Da shi ya koya min aikin. Yakan ce, dubi dalmar nan, babu mai hannu irin wannan a Inugu, ki koyi tsabtarsa, amma ki auna kafin ki yanka.” Na ce bai faɗi mai hannun ba? Ta ce ko sau ɗaya.

Habibu ya rufa min asiri har kabari, ni kuwa na bar sunansa a ɓace. Shi ya sa na nemi wannan fili don in faɗi gaskiya a bainar jama’a. Tsofaffin Ogui da suka ji abin da aka faɗa a ƙofar shagonmu, da likitan in yana raye, ku ji da kyau: aikin Habibu daidai yake, wayoyinsa takwas tsawonsu ɗaya, hoton ya fito kafin in taɓa. Ni, yayansa Sabi’u, ni na datse su. Allah Ya jiƙan Habibu, Ya sa ya huta. Duk wanda ya taɓa maimaita waccan magana, ina roƙonsa ya maimaita wannan.