Riguna Bakwai a Kasuwar Ƙofa

Jikata ce ta zo da shi a kwamfuta, wani tsohon majigi na awon gyaɗa a Ƙofa, wai da shi take nazarin rayuwar mutanen dā a jami'a. Ni ba nazari ne ya dame ni ba. Fuskar mahaifina ta ɓace mini tun tuni, bai taɓa ɗaukar hoto ba, kuma na san yana kasuwar ran da aka ɗauki majigin.

"Tsoho, gyara tabaranka," in ji ta. "Manoma ne fa, amma kowa da babbar riga. Ashe kun ji daɗi, kuke ta yi mana ƙorafi."

"Mayar da shi baya, sarkin sani. Ƙirga rigunan."

Ta ƙirga. Bakwai ne, kuma duk nawa ne.

Lokacin ba a sami 'yancin kai ba. Ina saurayi, ina dillancin riguna, ina bin kasuwanni a keke daga Yako har Burumburum. Masu majigi suka zo da mota, Bature ɗaya da tafintansa, suka ce ba sa son a ga tsumma. Wane manomi ne zai zo awon gyaɗa da rigar Sallah? Na ga ciniki, na ba su haya. Mutum ya sa, ya wuce gaban sikeli yana murmushi, ya zagaya bayan rumfa ya tuɓe, wani ya sa. Shuɗiyar nan mai aska biyu, mutum huɗu ne suka wuce a cikinta, ɗaya ma makiyayi ne da ya shigo sayen kanwa.

Ana cikin haka Baba ya iso da jakinsa mai tsagaggen kunne, daga shi sai 'yar shara da walki. Na miƙa masa wadda ta fi kyau.

"Ta wa ce?"

"Ta haya ce, Baba. Yanzu za ka tuɓe."

"Gyaɗar tawa, jakin nawa, sai in auna a rigar wani? Riƙe abarka."

Tafinta ya yi mini ido. Ni da bakina na ce, "To Baba, ka ɗan matsa gefe." Ya matsa. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da maganar ba.

Sau uku muka kalli majigin, ina bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya har idona ya fara ruwa. Can wajen ƙarshe, a gefen hagu, sai ga jakin nan mai tsagaggen kunne, da hannu riƙe da igiyarsa. Iyakar wuyan hannu ne ya shigo.

Ta tsayar da hoton. "Shi ne?"

"Hannunsa ne."

Sai ta ce, "In rubuta maganar rigunan?"

"Rubuta. Ki ce ni na kawo su."

Na ce ta bar shi a tsaye tukuna. Da aka kira la'asar na ce ta rufe, na gaji.