Jirgin Kamun Kifi a Kasuwar Shanu

A bakin kasuwar shanu ta Potiskum, wani dattijo na zaune cikin jirgin kamun kifi da aka ɗora kan tayoyi. Ana ce masa Ba Kaumi, wato Baba Kaumi. Hularsa ta koɗe, amma yana riƙe da sitiyari kamar tafki ne a gabansa, ba kashin shanu ba. Da gani daga Baga ya taso da shi, yana neman mai saye.

"Ƙirar da ce, an daina yin irinsa," yake gaya wa wani falken shanu. "Mutum uku su miƙe tsaye, ba ya tangaɗi."

"Injin fa?"

Ba Kaumi ya yi tari. Ba ya son a zo nan: injin na shan mai kamar tirela, kayan gyaransa kuma ko a Legas babu.

Falken ya ƙwanƙwasa gindin jirgin. "Yana yoyo?"

"Ko ɗigo bai taɓa shiga ba!"

"To, ba zai fita ba. Na saya, Baba. Shanuna ba su da kwamin shan ruwa."

Dattijon ya ƙara damƙe sitiyarin, yana kallon bijiman da suka fara matsowa.