Taragon Bayan Tasha

Mu mutanen ƙasar Batsari ba mu da layin dogo. Har na yi aure ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba, ko da yake yayana ya daɗe yana aikin reluwe a Funtuwa, cikin masu gyaran hanyar jirgi. Ni kuwa ina ƙauyenmu, yamma da Wagini, ina noman gonar da mahaifinmu ya bari, da yamma ina koyar da yara a Islamiyya. Saboda haka Yaya yake kirana Malam, rabi girmamawa rabi tsokana.

A shekarar da nake magana, damina ta yi kyau, amma ba wanda yake murna. Mun daina kai shanu kiwo bakin daji. Kasuwa tana watsewa kafin la'asar. Kusan kullum sai ka ga mutanen wata unguwa sun wuce ta ƙofar gidanmu da jakai, an ɗaura tabarmi da tukwane, in ka gaishe su su amsa ba tare da sun tsaya ba. Waya ma ta daina shiga yankinmu.

Wata safiya Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ka tafi Funtuwa ka ce ma yayanka ya zo. Akwai maganar da ba ni iya yankewa ni kaɗai."

Na hau babur zuwa Batsari, na shiga mota. Muna wuce Safana direba ya kashe rediyo, ya sauke gilashinsa, yana tuƙi yana saurare. Ba wanda ya tambaye shi dalili. Tsohon da ke kusa da ni ya riƙa jan carbi har muka shiga Dutsin-Ma.

Da azahar na isa tashar jirgi. Wani mai gadi ya nuna mini bayan tasha, inda layukan dogo suke rarrabuwa su ɓace cikin ciyawa. A can na ga taragai shida a jere, fentinsu ya ƙoƙe, an tokare ƙafafunsu da itace. An ɗaura igiyar shanya daga wannan zuwa wancan. Yaya yana zaune a bakin na uku yana wanke ƙafa. Ya miƙe, muka daɗe muna gaisawa, ya tambayi Inna, ya tambayi iyali, ya tambayi gero, sannan ya dubi fuskata ya ce, "Malam, shigo ciki tukuna."

Cikin taragon gadajen ƙarfe ne hawa biyu, su huɗu suke kwana. Ƙarƙashin gado diga ce da shebur da manyan sifanu masu tsawon hannun mutum. An rufe tagogi da buhu. Wurin yana warin baƙin mai da zafin ƙarfe. Yaya ya ce a da ba nan taragan suke zama ba. Jirgi kan ja su ya kai su inda aiki yake, a bar su a ƙaramin layi cikin daji, leburori su yi mako uku suna kwana a ciki, suna sayen nono a rugage.

Na ce, "Yanzu fa?"

Ya ja ni waje, muka je wurin taragon ƙarshe, wanda ba kowa a ciki. A gefensa akwai ramukan harsashi bakwai ko takwas a jere, daidai tsayin gadon ƙasa. Ya sa yatsa cikin ɗaya, ya ce,

"Allah ya sa ranar mun shigo gari sallar Juma'a. Tun daga nan ba a sake fita da ko ɗaya ba."

Na isar da saƙon Inna. Ya ce sai jibi, don gobe suna da fita, kuma ba ya so ya bar abokansa su uku kawai. Ya ce in na ga dama in bi su, maimakon in wuni ina gasuwa a tarago.

Da hantsi muka fita da kura, wato ɗan dandamali mai ƙafafun ƙarfe da ake turawa a kan dogo. Helmansu, shugaban leburorin, dattijo ne mai furfura, ba ya son yawan magana. Shi ya zauna gaba, mu muna turawa bi da bi. Yaya yana tafe a ƙasa da doguwar guduma, duk inda ƙarfe biyu suka haɗu sai ya ƙwanƙwasa, ya karkatar da kai. In ƙarar ba ta yi masa ba, sai a tsaya, mutum biyu su kama sifana su ɗaure noti. Wani wuri su sare ciyawa, wani wuri su tura tsakuwa ƙarƙashin dogo inda ruwa ya zaizaye. Jirgi ba ya wucewa sai jefi-jefi, amma suna aikin kamar yana bayansu.

Mun yi nisa, gari ya ɓace, sai gonaki. Da farko ban lura ba, sai daga baya na gane tun ɗazu ba mu gamu da kowa ba. Ga gero an kwantar da shi, ba mai ɗaurewa. Ƙarƙashin wata ɗorawa na hango ƙwaryar fura a buɗe, ƙudaje sun rufe ta.

Kusa da wani kwalbati helma ya ɗaga hannu. An tara ƙasa da duwatsu a gefen dogo biyu, an yi ɗan tudu yadda taya za ta hau ta sauka. Sawun babura ya taho daga kudu, ya haye, ya shiga daji ta arewa. Na fara ƙirga layukan tayoyin, na bari, don sun hau kan juna. A tsakiyarsu sawun shanu ne, da na mutane marasa takalmi. Helma ya tsuguna ya taɓa kashin saniya da tsinke. Bai bushe ba.

Wani lebura ya ɗauko shebur ya ce, "Baba, a kwashe ƙasar nan, in jirgi ya zo zai iya gocewa."

Helma ya ce, "Ajiye. In ka kwashe, sun san an gani. Zan kai rahoto, a zo da jami'an tsaron da ke raka mu. Ku juya kura, kuma kada wanda ya yi gudu."

Muna ɗaga kurar sai muka ji shi, wani gurnani can nesa, kamar injin niƙa a wata unguwa. Muka tsaya da kurar a hannu. Gurnanin ya ƙaru, ya tsaya cik, sannan ya sake tashi yana raguwa. Muka ɗora ta kan dogo a hankali muka juyo, ƙafafunta suna ƙara, ni kuwa ji nake duk dajin yana jin mu.

Sai da muka hango rufin tasha Yaya ya yi magana. Ya ce, "Arewa suka yi. Malam, dajin nan ɗaya ne har bayan gidanmu."

Kashegari muka taho gida tare. Inna ta ce abin da ya sa ta kira shi, so take a yanke ko za a tashi ko za a zauna, a kuma yanke gaban juna. Yaya ya ce akwai tarago guda da ba a amfani da shi, helma ya yarda a saka mata da yara kafin a sami ɗaki a gari.

Inna ta ce, "Ni in bar ɗakin da na haife ku in koma cikin akwatin ƙarfe? Ba ni zuwa. Ku kwashi yaran."

Yaya ya lallashe ta har la'asar, ba ta motsa ba. Muna zaune a zaure sai ga wani dattijon Bafulatani, maƙwabcinmu tun zamanin mahaifinmu, wanda matarsa ke kawo wa Inna nono. Ya zo da galmar da ya ara tun farkon damina. Ya ajiye ta, ya ƙi zama. Ya ce a kira masa Inna, ta fito bakin ƙofa.

Ya ce, "Mun tashi, za mu yi gabas. In na taɓa ɓata muku, ku yafe mini."

Inna ta ce, "Mi ya faru? Wani ya yi maku wani abu?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ku dai yi girbi da wuri." Ya juya ya tafi, bai waiwayo ba.

Inna ta koma ciki. Can muka ji tana sauke kwanoni daga jere.

Da safe Yaya ya tafi da ita, da matata, da 'ya'yana mata biyu. Ni na zauna saboda gero da wake. Kwana tara ina aiki, ina ɗaure dami ina duban bakin daji. A rana ta goma, bayan azahar, aka shiga unguwar da ke gabanmu. Mu mun faɗa cikin dawa, muka kwanta har harbin ya lafa. Da yamma muka binne mutum huɗu, cikinsu har da uban wani ɗalibina. Na kulle gida, na bar rabin geron a gona.

Inna ta yi wata bakwai a tarago. Ta sa an shafe ƙasan da siminti, ta shuka kuɓewa tsakanin layuka biyu, leburorin suna kiranta Inna su ma. Zafin ƙarfen ne ya fi damunta, sai ta wuni a ƙarƙashin taragon kan tabarma. Daga baya Yaya ya sami ɗaki a cikin gari, tana can har yanzu. Ni na dawo da iyalina cikin Batsari, ina koyarwa a wata Islamiyya.

Bara na sami rakiyar wani mai babur na je duba gidan. Kwaɗon ƙofar waje yana nan yadda na bar shi, amma an fasa katanga ta baya. A tsakiyar ɗakin Inna an jera duwatsu uku an yi girki, ga ƙasusuwan akuya a gefe. Na sa bayan hannu kusa da tokar, na ji ɗumi. Na fito na ce da mai babur ya tura shi har mu wuce rafi kafin ya tayar.